Muryar ƙanin Hajiya a rukunin gida: maganar jijiyar Baba

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya, na ji saƙonki, a Kwangila na tsaya, ku yi haƙuri da ƙarar motoci. Kin ce rahoton hoton Baba ya nuna jijiyar ta canza siffa tun bayan aikin Indiya. Na san abin da ke ranki, ko aikin ya ɓaci ne. Bai ɓaci ba. Ai dole ta canza.

Babbar jijiyar jinin nan daga zuciya take fitowa, ta hau sama, ta lanƙwaso kamar mariƙin lema, sannan ta gangara ta gefen ƙashin baya. A mai lafiya faɗinta a nan ba ya cika wuce santimita 3, ta Baba kuwa ta kumbura ta haura 5.5, shi ya sa aka ce a taɓa. Kuma ba a tsaga ƙirji ba, ta matsematsi aka zura ragar waya mai rufin yadi, aka buɗe ta a ciki.

To, ki ɗauki tiyon ban ruwa irin na masu lambu a Galma, wanda ya sha rana ya lanƙwashe. Ki cusa masa sifirin a ciki. Sifirin zai riƙa neman miƙewa, tiyo ya bi shi. Tiyon shi ne jijiyar, sifirin kuma ragar. Haka lanƙwasar ke raguwa. Kuma da gangan ake zaɓo raga da ta fi jijiyar faɗi, kamar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, don ta kama bango.

Kumburin kuma, na ce miki zai tafi ko? A'a, in gyara: ba nan take ba. Jini ya daina shigarsa, na ciki ya daskare, sai ya riƙa motsewa cikin watanni ko shekaru. Wani ma tsayawa yake yi yadda yake, kuma an yarda da hakan. Abin tsoro shi ne ya ƙaru, alamar jini na yoyo ta gefe ke nan. Ana kuma duba bakin ragar a wurin lanƙwasar, in bai kwanta ba ya ɗago kamar bakin tsuntsu. Dalilin hoton siti (CT, hoton cikin jiki) duk shekara ke nan.

Amma abin da ke ci mini rai, jijiya tana buɗewa da kowane bugun zuciya, raga ba ta yi, don haka maganin hawan jini ba a wasa da shi. Bara wani a gidan nan, ya san kansa, ya ce Baba ya ajiye ƙwaya ya koma jiƙo. Mako uku! Ni aka kira da tsakar dare daga Tudun Wada.

Ki turo min takardar gaba ɗaya, ba rabin shafi ba, in ga awon da idona.