Tambayi Likita: Shin akwai karen da ba ya tayar da aleji?

Saƙonnin wannan makon yawancinsu a kan dabbobin gida suka taru, musamman kare. Hukuncin ajiye kare a gida na malamai ne, ba zan shiga gonarsu ba. Nawa shi ne hanci da fata da ƙirji.

Tambaya: Likita, duk ranar da na je gidan kakata mai kyanwa uku sai atishawa da ruwan ido, amma karen gadin gidanmu bai taɓa damuna ba. Yaya haka? (Ɗaliba, Zariya)

Amsa: Ba abin mamaki ba ne. Abin da ke jikin kyanwa daban, na kare daban, jiki yakan ƙi ɗaya ya ƙyale ɗaya. Ki daina ɗaukar kyanwar, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido. In ƙirji ya fara yi miki ƙara, ki ga likita.

Tambaya: Muna zaune a Birmingham. Ɗana ɗan shekara 7 yana da asma, an kuma taɓa yi masa gwaji aka ce jikinsa ba ya jituwa da kare. Ya ishe mu da kuka sai an saya masa kwikwiyo irin na abokansa. Mai sayarwa ya ce Cockapoo da Labradoodle ba sa zubar da gashi, don haka ba sa tayar da aleji. Babansa har ya ba da kafin alƙalami. Mu karɓo? (Uwa, Ingila)

Amsa: Hajiya, kada ku karɓo. Wannan ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai cikin duk na makon nan, don haka ki yi haƙuri in ɗan ja ta.

Mai sayarwar ya faɗa muku rabin gaskiya. Poodle kare ne mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na ɗan rago, kuma lallai ba ya zubar da shi kamar sauran karnuka. Shi ya sa ake yin barbararsa da wasu jinsuna: da Labrador a samu Labradoodle, da Cocker Spaniel a samu Cockapoo, da Golden Retriever a samu Goldendoodle. Sai dai ba gashin ne ke tayar wa ɗanki da asma ba. Wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa da fitsarinsa. Babbansu masana na kiransa Can f 1, kuma daga baki yake fitowa. Kare ya lashi jikinsa, yawun ya bushe, ya zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya tashi cikin iska, ya sauka a kan kafet da kujera da matashin kai. Gashin ɗan dako ne kawai. To, kin taɓa ganin karen da ba shi da yawu ko fata?

Labarin asalin Labradoodle ɗin kansa ya isa darasi. A 1989 wani mai kiwon karnukan jagoran makafi a Ostireliya, Wally Conron, ya samu buƙata daga wata makauniya a Hawai wadda mijinta ba ya jituwa da kare. Ya haɗa Labrador da Poodle, aka haifi 'yan kwikwiyo uku. Aka aika da gashinsu da yawunsu aka gwada, cikin ukun ɗaya ne kacal bai tayar wa mijin da komai ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciki ɗaya, amma biyu suka faɗi jarrabawa. Daga baya, a 2019, Conron ya fito fili ya ce yana nadamar ƙofar da ya buɗe, saboda yadda masu neman kuɗi suka mayar da abin kasuwa.

Bincike ma bai goyi bayan mai sayarwar ba. A 2011 masu bincike na asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun kwashi ƙura daga gidaje 173 masu kare, suka auna. Gidajen da ke da irin karnukan da ake tallatawa da sunan ba sa tayar da aleji ba su fi sauran ƙarancin sinadarin ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2012, wasu a Utrecht ta ƙasar Holan suka auna gashin karnukan kansu, sai ga shi Can f 1 ya fi yawa a jikin waɗanda ake yabon, Poodle na kan gaba.

Za ki ji wani ya rantse cewa shi yana da aleji amma Cockapoo ɗinsa ba ya damunsa. Ba ƙarya yake yi ba. Karnuka sun bambanta ɗaya da ɗaya ko a cikin jinsi guda, mutane ma haka. Akwai ma waɗanda namijin kare kaɗai ke tayar musu, saboda wani sinadari mai suna Can f 5 da ke fitowa daga prostate, wata ƙwaya da ke kusa da mafitsarar namijin kare. Amma wannan sa'a ce ta mutum ɗaya da kare ɗaya, ba a sayenta da sunan jinsi. Babban mutum mai ɗan atishawa yana iya gwada sa'arsa. Yaro ɗan shekara 7 mai asma, wanda gwaji ya riga ya nuna, ba a caca da ƙirjinsa.

Ki kuma duba inda kuke. A gida Najeriya kare na tsakar gida ko bakin ƙofa, iska na kaɗawa, ba ya hawa gado. A Birmingham cikin sanyi tagogi a rufe, hita na aiki, kafet har ɗakin kwana, karen kuma yana falo tare da yara. Yaron zai kwana yana shaƙa, ya tashi yana shaƙa. In abin ya ƙi, kuka mayar da karen, sinadarin kan ɗauki watanni kafin ya bar gidan, ga kuma yaro da ya riga ya shaƙu da kwikwiyonsa an raba su. Kukan yau ya fi sauƙi.

Ki koma wurin likitansa ko ma'aikaciyar jinyar da ke duba asmarsa kafin a ƙara ko sisi. In babansa ya dage, a nemi a tura ku wurin ƙwararren likitan aleji. Shafa kwikwiyo na minti biyar a gidan mai sayarwa ba gwaji ba ne, domin wani lokaci sai cikin dare tarin ke tasowa. In kuma kika ga yaron ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canja launi, ko inhela ta ƙi aiki, ki kira 999 nan take. Kada ki jira gari ya waye. Kuɗin kafin alƙalamin kuwa, in sun hana, a bar musu.

Tambaya: Ina aikin gadi a wani gida a Abuja. Ni nake wanke karen maigida, irin mai gashin nan kamar tunkiya. Duk ranar wanka hannuna ya yi borin jini, hanci ya toshe. Mai kemis ya ba ni dexa, wata huɗu ke nan ina sha kullum, kuma wallahi ina jin daɗinta. Akwai matsala? (Magidanci, Abuja)

Amsa: Akwai, Malam, babba ma. Wata huɗu! Wani lokaci nakan rasa me ke damun wasu masu kemis. Dexamethasone ba maganin ƙaiƙayi ba ce da za a ƙirga wa mutum a leda kamar gyaɗa. Tana kwantar da borin jini, gaskiya ne, shi ya sa kake jin daɗi. A ɓoye kuma tana hawar da jini, tana tayar da sukari, tana cin ƙashi, tana iya jawo gyambon ciki, tana raunana garkuwar jiki. Na taɓa duba wani matashi da ya shekara yana shanta saboda mura. Ya shigo fuska ta yi tulu kamar wata, ƙafafu sun sirance, cikinsa duk zane-zane kamar na mai jego, 'yan'uwansa na murna wai ya yi ƙiba. Da muka auna sukarinsa, ranar bai kwana a gida ba.

Amma ka saurara da kyau: kada ka yanke ta yau da kanka. Bayan wata huɗu jikinka ya rage yin nasa sinadarin, ya dogara da ƙwayar. Dainawa farat ɗaya na iya kayar da kai, jini ya faɗi, har a rasa rai. Ka je asibiti cikin makon nan da kwalin maganin a hannu, a auna jininka da sukari, likita ya tsara maka yadda za ka rage sannu a hankali. Na sake faɗa, asibiti, ba kemis ɗin da ya ba ka ba.

Maganar wankan kare kuwa, ka gaya wa maigida gaskiya. In babu wanda zai karɓe ka, ka sa safar roba mai tsawo da takunkumi, a yi wankan a waje, kada ka bari ya lashe ka, ka sauya riga da ka gama.

Tambaya: Surukata ta ce a riƙa barin yaro mai fuka yana wasa da dabbar da ke tayar masa da ita, wai a hankali jikinsa zai saba. (Amarya, Kaduna)

Amsa: Ki gaishe da Inna, amma kada a yi. Akwai magani mai kama da abin da take nufi, inda ake ba jiki ɗan mitsitsin sinadarin da awo, ana ƙarawa cikin shekaru. Ƙwararru ne ke yinsa a asibiti, da maganin gaggawa a kusa. Tura yaro mai fuka cikin abin da ke shaƙe shi ba shi da awo, kuma fuka tana kisa. A kai shi asibiti a ba shi inhela. Maganar wai wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ba gaskiya ba ce.

Tambaya: Ina tuƙin mota Kano zuwa Katsina. Piriton na sa ni gyangyaɗi. (Direba, Kano)

Amsa: Kada ka sha shi ka kama sitiyari. Loratadine, wadda ita ma maganin aleji ce, ba ta cika sa barci ba, amma ka fara gwada ta ranar da ba ka da lodi.

Tambaya: Ɗan kwikwiyon maƙwabcinmu ya ɗan ciji 'yata a ƙafa, jini kaɗan ne. Sun ce karen gida ne ɗan waje mai tsada, aka shafa mata toka da man ja. Ya isa? (Uba, Jos)

Amsa: Bai isa ba. Toka kuma! Cutar haukan kare ba ta tambayar kuɗin kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai ta asibiti yau, ba gobe ba, ko da cizon ya kwana biyu. Ka nemi maƙwabcin ya nuna katin rigakafin karen ka tafi da shi, likita ne zai yanke ko za a fara mata allura. A kuma tsare karen kwana 10 ana lura da shi.