Me ya sa gwajin jan rini bai nuna tsagar walda ba?

Tambaya: Ni mai walda ne. Na fesa jan rini a kan waldar tankin ƙarfe, na goge, na bi da farar hoda, ban ga alamar komai ba, amma da aka zuba ruwa sai ga yoyo. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, gwajin nan ya dogara ne kacokan ga rinin ya samu shiga tsagar, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, sannan hodar ta tsotso shi waje ya fito ja a kan fari. Dabarar ta haura shekara 100, domin da mai da alli ake yin ta a wuraren gyaran jiragen ƙasa kafin a samar da rinin zamani.

Abin da na fi zargi shi ne bakin tsagar a toshe yake. Fenti, tsatsa, maiƙo da dattin walda duk suna hana rini shiga, kuma injin gurza yakan shafe ƙarfe ya rufe siririyar tsaga, har wurin ya yi sumul alhali aibin yana nan. Bayan an wanke kuma, dole wurin ya bushe sarai.

Sai batun lokaci da zafi. Rinin yana buƙatar minti 5 zuwa 30 gwargwadon irinsa, kuma ba a so ya bushe kafin a goge. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wannan gwaji, wato ISO 3452, ta tsara aikin tsakanin digiri 10 da 50 a ma'aunin Selshiyas, ƙarfen da ya wuni a ranar bazara kuwa yana iya wuce haka, saboda haka a yi gwajin a inuwa ko da sassafe.

Wajen gogewa mutane da yawa suke ɓata aikin. Kada ka fesa ruwan wankin, wato sinadarin goge rini, kai tsaye a kan waldar, domin zai wanko rinin da ke cikin tsagar. Ka fara da busasshen tsumma, sannan wanda aka ɗan jiƙa da ruwan wankin. Hodar ma a fesa ta sama-sama, don mai kauri tana binne alamar, kuma a jira aƙalla minti 10 ana kallon wurin. Dogon jan layi tsaga yake nunawa, ɗige-ɗige kuwa ƙananan ramuka ne.

Tunda tankinka yoyo yake yi, ka shanya shi ya bushe, ka fesa rinin ta ciki, hodar ta waje, ka ƙara lokacin jira. Inda ja ya ɓullo, nan za ka gurje ka sake walda.