Amsa ga 'yar uwar da aka rubuta wa methotrexate

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce likitan fata ya rubuta miki methotrexate saboda psoriasis, cutar fata mai sa ɓawo da ƙaiƙayi, kin duba a waya kin ga wai maganin ciwon daji (kansa) ne kuma yana rage garkuwar jiki, shi ne kika ajiye kina tsoro. To ni na daɗe ina shan sa, kuma gaskiya ki sha.

E ana ba masu kansa, amma su da yawa ake ba su, namu ɗan kaɗan ne. Ita cutar nan ai garkuwar jikin ce da kanta ta rikice take ta ingiza fata tana yin sabuwa kafin lokaci, shi ya sa kike tashi da safe ki tarar da farin ɓawon nan ya cika zanin gado, maganin lafar da garkuwar yake yi, ba kashe ta ba. Sai dai ba ya gaggawa, ni sai da na kusa wata 2 kafin na daina soshe-soshen dare.

Inda hatsarin yake shi ne SAU ƊAYA A SATI ake sha, ba kullum ba, wallahi shan sa kullum yana iya kai mutum lahira, ki zaɓi rana ɗaya ki sa ƙararrawa a waya. Folic acid ɗin da aka haɗo miki kuma a wata ranar daban, shi ke rage tashin zuciya da gyambon baki. Gwajin jini na hanta da ƙoda kar ki tsallake ko da kina jin garau, hanta ba ta yin ƙara da wuri. Kuma duk wanda zai ba ki wani magani ki gaya masa, musamman Septrin, sam ba a haɗa su.

Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, busasshen tari da numfashi sama-sama, kar ki ce bari in ga gobe, asibiti kawai.

Wani cikin masu ba ki amsa ya ce ki sayi prednisolone, maganin rage kumburi, ki huta, don Allah a'a, zai kwantar na ɗan lokaci amma ranar da kika yanke shi cutar tana iya dawowa fiye da da.

Ba ki faɗi ko kina neman haihuwa ba. In kina nema, ko kina zargin akwai ciki, kar ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya sai kin koma wajen likitan, yana illa ga ɗan tayi sosai, akwai wasu magungunan da zai canja miki.