Tambaya da Amsa: An duba dattawa kyauta, magani ya ƙare, sai yaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar cigaban unguwarmu a Gwale. Bara wani ɗan kasuwar Kwari ya ba mu kuɗi, muka gayyato likitoci suka duba dattawa a harabar firamare, aka ba kowa maganin mako biyu. Kafin wata ya zagayo an koma gidan jiya. Bana ya sake yi mana alkawari. Yaya za mu haɗa kai da asibiti da masallaci da hukuma abin ya ɗore?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri. Sai dai hawan jini da ciwon suga kullum ake shan maganinsu. Dattijon da aka ɗora a kan maganin hawan jini irin amlodipine, in ya ƙare jinin ya sake hawa, shi kuwa ba ya jin komai, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Don haka ku roƙi Alhaji ya yarda a raba kuɗin nan gida 12, a rage hayar rumfa da kujeru, a sayi maganin kowane wata.

Ku fara da rajista. Mai unguwa ya ba ku izini da ɗan rakiya, ku bi gida gida ku rubuta duk wanda ya kai shekara 60. Dole a sa mata cikin masu rajistar, in ba haka ba tsofaffin da ke ƙuryar ɗaki ba za su shiga littafi ba, kuma su suka fi bukata. A rubuta suna, da wanda ke kula da shi, da lambar wayar mai kular, da ko yana da NIN. Sannan a ce a fito da duk maganin da yake sha a leda ɗaya. Nan za ku sha mamaki: magani iri ɗaya a kwali biyu masu suna daban ana shan su tare, ga diclofenac na kemis da ake ta sha don ciwon gwiwa, alhali yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, yana ƙara hawan jini. Ledar nan ma'aikacin lafiya za a nuna wa, kada ɗan ƙungiya ya yanke hukunci a kanta.

Daga nan sai asibitin mazaɓarku. Ku bi ta kwamitin cigaban mazaɓa, ku nemi shugaban asibitin ya ware wa dattawa rana ɗaya a wata. Ku kuma ku kawo na'urar awon jini biyu, da ta awon suga da tsinkenta, don tsinken ne ke fara ƙarewa. A bar mutum ya zauna minti biyar kafin a auna shi, kuma awo ɗaya ba ya isa a ce yana da hawan jini, sai an samu 140/90 ko fiye a ranaku daban. Suga kuwa kafin karin kumallo ake aunawa. In ya kai 126 a na'ura, ko 7 a ɗaya ma'aunin, a sake gwadawa a tura shi wurin likita.

Wajen hukuma, KSCHMA, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ita ce ƙofarku a Kano. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni. Guraben da ake ware wa masu rauni a tsarin inshorar ba sa wadatar kowa, shi ya sa wanda ya zo da rajista a shirye ya fi wanda ya zo da baki. Abin da ya fi kawo cikas shi ne rashin NIN, ko suna ya saɓa tsakanin takardu. Akwai kuma Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a Abuja, wadda ta fara aiki a 2021. Ku rubuta mata, amma kada ku zauna jiran amsa.

Batun masallaci akwai wurin lura. Zakka tana da mutanenta takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a wurin mafi yawan malamai mallaka wa mabukaci ake yi. Saboda haka kada ku sayi na'ura ko ku biya kuɗin mota da ita; wannan aikin sadaka ne ko hubusi, wato wakafi. Ku buɗe littafi biyu, ku tambayi liman da Hukumar Zakka da Hubusi. Asusun banki ya zama da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Wanda aka ga yana da yanar ido a kai shi asibitin ido na ECWA ko na Makka da ke nan Kano, karaya a kai asibitin ƙashi na Dala, sauran asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Takardar turawa kaɗai ba ta kai tsoho asibiti. Ku shirya da 'yan adaidaita sahu biyu ko uku na unguwa a kan kuɗi sananne, a kuma sa matashi ɗaya ya bi layin kati. Duk wannan a rubuta a shafi ɗaya, wa zai yi me, a wace rana, kowa ya sa hannu, har Alhaji. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa, amma littafin rajista ya zauna a hannun ƙungiya.

Tambaya: Mahaifiyata ta kwanta tun da ta faɗi a banɗaki. Me 'yan ƙungiyar matanmu za su iya taimaka mini da shi? Daga wata mai karatu a Fagge.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yar'uwa. In ba a ɗauki hoton ƙugunta ba, a fara da wannan. Sannan ku raba kwana a tsakaninku, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, a duba gadon baya da ƙugu da duga-dugai. Wurin da ya canja launi ko ya yi zafi, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa: a ɗauke masa nauyi da matashin kai, kada a murza shi, a kira ma'aikaciyar jinya ta gani a ranar.