Amsoshin wasiƙunku: Fararen ɗigo a jikin kifin tang

Wannan makon masu tarwada za su yi mini haƙuri. Masu kifin ado na ruwan gishiri ne suka yi mini taron dangi, kuma duk a kan kifin nan da ake kira tang, wanda ake kawowa daga tekun Fasifik da Bahar Maliya.

Wani Alhaji daga Abuja ya sayi shuɗin tang. Bayan mako guda sai ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jiki da dutse. Kwana huɗu suka ɓace. Yana tambaya ko ya warke, don yana so ya ƙaro biyu.

Ranka ya daɗe, bai warke ba, kuma kada ka ƙaro ko ɗaya. Na gaji da maimaita wannan, amma bari in sake. Ƙwayar cutar sunanta Cryptocaryon irritans. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta ci ta ƙoshi kwana 3 zuwa 7, sannan ta faɗo ƙasan tanki, ta manne a dutse ko yashi, ta rufe kanta da ɓawo tana hayayyafa a ciki. Lokacin nan ne kifi yake yin fes, mai shi ya ce alhamdu lillahi. Yawanci kafin wata guda ɓawon zai fashe, 'ya'yan su fito su afka wa duk kifin da ke tankin. Zagaye na biyu shi ke kisa, domin suna cika wurin numfashinsa. In ka ga yana haki a bakin famfon ruwa, abin ya yi nisa. Shi kuma tang ba shi da kaurin yauƙi a fata, shi ya sa ya fi kowa saurin kamuwa.

Abin yi: ka kwashe kifayen duka, har waɗanda ba su nuna komai ba, zuwa wani tanki daban wanda babu dutse babu yashi. Can za ka sa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, kamar kwana 30, kana awonsa kullum da abin gwaji. In ya yi kaɗan ba ya aiki, in ya yi yawa ya kashe kifin. Maganin yana kama 'ya'yan ne kawai lokacin da suke yawo a ruwa, wadda ke cikin ɓawo ko a jikin kifi ba ya taɓa ta. Kada ka kuskura ka zuba shi a babban tanki: zai kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, duwatsun kuma su shanye shi. Babban tankin a bar shi babu kifi kwana 76, saboda an taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 bai fashe ba. 'Ya'yan da suka fito ba su sami kifi ba, cikin kwana ɗaya ko biyu yunwa za ta gama da su.

Ƙananan kwalaben maganin nan masu ɗan karen tsada da ake ce maka ba sa taɓa murjani, ka bar wa mai shago kayansa. Tafarnuwa ma tana buɗe wa kifi ciki ne kawai. Abin da ke ba ni mamaki, duk mai kiwon kaji ya san ba a haɗa kazar kasuwa da na gida ranar da aka sayo ta. Amma mutum ya kashe maƙudan kuɗi a kan kifi, ya juye shi kai tsaye cikin sauran. Sabon kifi ya yi aƙalla mako huɗu a ware.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce ruwa na raguwa da hunturu, ko ta cika da ruwan gishiri? A'a Hajiya, ruwa ne ke tashi, gishirin na nan, don haka tataccen ruwa zalla za ki ƙara, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025.

Mai tambayar ko za a iya haɗa ruwan tanki da gishirin girki: ba ya yi. Sai gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku.

Wani ɗan'uwa daga Kano yana ba nasa ruwan ɗorawar tang abincin tarwada, ga shi fatar kansa ta fara zaizayewa. Malam, wannan kifi makiyayi ne, wuni yake yana tsattsagar gansakuka. Nemi busasshen ganyen teku da ake kira nori, wanda ba a sa masa mai ko yaji ba, ka maƙala masa kullum. Tankinka mai lita 120 ma ya yi masa kaɗan, yana son kusan lita 400. Shuɗin yakan kai santimita 30, sai tanki mai tsawon ƙafa shida. Sannan zafin Kano na watan Afrilu: ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, kuma ka tanadi famfon iska mai batir ko sola kafin a ɗauke wuta.

Wanda ya ce tang ya yanke shi a yatsa: akwai ƙaya mai kaifin aska a kowane gefen gindin wutsiyarsa. Da roba ake kama shi, don ko a raga ƙayar tana maƙalewa.