Zan gina gida a Marwa, me zan tanadar wa sola?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu fili a Marwa, zan gina ɗaki uku da falo, kuma da wutar sola nake so in dogara. Me zan gaya wa magini kafin a haƙa tushe? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi dabara da ka tambaya yanzu, don da yawa sai an gama rufi suke neman wurin kafa farantan sola.

Fara da fuskar gidan. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a rage tagogi gabas da yamma, don ta nan rana ke dukan ɗaki. Ɓarin kwanon da zai ɗauki farantan ya fuskanci kudu, da gangara digiri 10 zuwa 15. In aka shimfiɗa su kwance, ƙurar hunturu za ta zauna, ruwan sama ma ba zai wanke ta ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne zafi. A watan Afrilu kwano ba ya taɓuwa da hannu, faranti kuwa in zafinsa ya haura digiri 25 a ma'aunin Celsius, ƙarfinsa raguwa yake yi. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. A ɗaure ƙarfen da zai riƙe farantan da noti a jikin katakon rufi, kada a jikin kwano kaɗai, saboda guguwar farkon damina. Ka lura da bishiyar dogon yaro ta maƙwabta da tankin ruwanka: inuwar reshe ɗaya kan rage wutar jerin farantan gaba ɗaya.

Kwan fitila 6, fanka 2, talabijin da ƙaramin firij, faranti biyu masu wat 450 za su riƙe su, tare da batir biyu masu bolt 12, amfiya-awa 200 (200Ah). Amma ka bar filin faranti huɗu, kowanne kusan murabba'in mita 2, don iyali ƙaruwa suke yi.

Batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida) a ware musu ɗan ɗaki a gefen arewa, mai kafar iska sama da ƙasa, nesa da kicin. Zafi ne ke kashe batir da wuri, haka ma zuƙe batirin ruwa ya wuce rabi. Ɗakin ya kusanci farantan, a sa waya mai kaurin murabba'in milimita 6, a binne bututunta kafin filasta. Sai matakala zuwa rufi, don a riƙa goge farantan da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.