Amsa kan alƙali da naɗa wa tsofaffi waliyyi

Malam, ka tambaya ko naɗa wa dattijo waliyyi a kotu, wato wanda zai riƙa yanke shawara a madadinsa idan hankalinsa ya yi rauni, ba ƙwace masa 'yanci ba ne. Yana iya zama haka, shi ya sa aikin alƙalin ke da nauyi.

Kafin ya sa hannu sai ya duba rahoton likita, ya kuma saurari tsohon da kansa. Ciwon mantuwa hawa-hawa ne. Wata tsohuwa ba ta iya lissafin kuɗin fanshonta, amma ta san sarai gidan da take son zama. Alƙali na ƙwarai sai ya ba waliyyi ikon kula da asusun banki kawai, ya bar mata sauran.

Abin da ya fi taɓa min rai shi ne bayan naɗin, don sau da yawa mai cin dukiyar tsoho na jikinsa ne. Nan alƙali ke neman lissafi duk shekara har da rasit, ya tambayi dalilin sayar da gida, ya tsige wanda ya ci amana.

A Ingila kotu guda aka ware wa wannan aiki ƙarƙashin wata doka ta shekarar 2005, ta fara zama a 2007. A Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar.